Takardar da Ke Cikin Takalmin Fidencio

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Fidencio Arreguín a gidansa da ke unguwar Coecillo, nan garin León. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai. Zuciyarsa ce ta tsaya yana tsakar gida yana zuba wa tsuntsayensa ruwa. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa.

Kompadre Fidencio, aminina, uban baftismar 'yata, ni ba wanda ya kawo min labarin mutuwarka. Da ƙafata na je na same shi, ina dariya.

A safiyar nan ce 'yata Araceli, wadda ka riƙe a hannunka ranar baftismarta, ta sauka lafiya bayan shekara goma sha huɗu da aure ba haihuwa. Ta sami 'ya mace. Shekarata saba'in da uku, ban taɓa samun jika ba sai ranar. Na hango ta ta gilashin ɗakin jarirai, ja wur, tana dunƙule hannu kamar mai neman faɗa. Na taka rawa a farfajiyar asibiti har mai gadi ya ce, "Don Crisóforo, in ka faɗi a nan ba mu da gadon tsofaffi." Na sayi cakulan kamar yadda ake yi in mace aka samu. Na ba mai gadin, na ba direban bas, na ba wata mata da ban sani ba. Kwali guda na ɓoye maka a cikin riga.

Na shigo layinku ina waƙa. Da na ɗaga kai da na ga baƙin ƙyallen da aka ɗaura a saman ƙofa, amma ban ɗaga ba. Na tura ƙofar ina cewa, "Alfadari, fito ka gaida kaka." Sai na ga mata a durƙushe. Na ga kyandir huɗu. Na gan ka shimfiɗe a ƙasa, a kan gicciyen farar ƙasa da ake zana wa mamaci, an haɗe maka hannuwa a ƙirji. Kwalin yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Matarka Genoveva ce ta taso ta karɓa.

"Mace ce ke nan," in ji ta.

"Mace ce, komadre."

"Allah Ya raya ta. Jiya ma sai da ya yi zancenta."

Da na koma gida matata Leonila ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce na shiga ɗakin gawa, sanyin mamaci yana jikina, ba zan taɓa mata jika ba sai an ɗaga gicciye ranar kwana tara. Yau kwana takwas ke nan ina leƙen yarinyar ta taga. Ba zan yi maka ƙarya ba, murna ba ta bar ni ba. Ina fitowa daga addu'a a gidanka da jiƙaƙƙen ido, kafin in kai kwanar layi sai in kama kaina ina murmushi. Na san da kana nan da ka fi ni rawar kai.

Matasan yanzu sun san ka a matsayin tsoho mai jan ƙafa da ke koya wa mutane ƙwallo a filin ƙasa na bayan kasuwa. Ba su ga abin da muka gani ba. Shekara goma sha huɗu ka yi kana wasan tsakiya da sunan sana'a, shida daga ciki a rukuni na ɗaya, a arewa da babban birni, daga ƙarshe ka dawo gida ka sa rigar ƙungiyar Deportivo Turbio. 'Yan kallo ne suka raɗa maka Alfadari, domin kai ke ɗaukar kayan kowa. Ka ƙwato ƙwallo, ka miƙa wa wanda za a tafa wa, ka koma baya ka sake ƙwatowa. A duk shekarun nan ƙwallo huɗu ka zura a raga, kuma kai da bakinka kake cewa ɗaya daga ciki ɗuwawunka ta daka ta shiga, kana ɗaure igiyar takalmi.

Da sun zama biyar. Ina tsaye a filin ranar da ka yanke mai tsaron gida, raga ta buɗe maka ba kowa, sai ka tura wa wani ɗan gaba daga Colima da ya yi wasa tara bai ci ba, ana shirin sallamarsa. Ya ci. Muka yi ta zaginka daga kan benci. Da yamma ka zo shagona na ce maka kai wawa ne, ka ce, "Shi da cin ƙwallo yake ci da iyalinsa, kompadre. Ni ko na ci, gobe ma kaya zan ɗauka." Mutumin ya ƙara shekara biyar yana wasa. Na gan shi ranar jana'izarka, ya tsufa, ya riƙe kusurwar akwatinka ya ƙi ba kowa.

Bayan ka bar wasa ka riƙa bin tsofaffin abokanka kana karɓo takalman da suka daina sawa, ka kawo min su cikin buhu in gyara, ka raba wa 'yan unguwa. In na yi ƙorafin aikin ya yi yawa sai ka ce ai fatar ba ta kai bakina tauri ba. Kowace rana ƙarfe huɗu na yamma kana kan bencin shagona, da kofi mai kirfa a hannu, kana gyara wa rediyo kuskurensa.

Tun kana ɗan shekara goma sha tara nake ɗinka maka takalmi. Ƙafarka ta hagu tana da karyayyen ɗan yatsa da ya warke a karkace, babu takalmin kanti da ke shigarta. Na sassaƙa maka ƙafar katako, na buga mata ƙullutun fata daidai wurin yatsan, a kanta nake ɗinki. Ko kana can arewa, ni kake aiko wa. Ba ka taɓa shiga fili da takalmin wani ba, kuma ina alfahari da haka fiye da yadda ya kamata.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A watan Yunin 1991 Deportivo Turbio ta kai wasan ƙarshe na hawa rukuni na ɗaya. Shekararka talatin da uku, ka ce wannan ce damarka ta ƙarshe ta komawa sama da rigar garinku. An killace ku a masauki tun ranar Juma'a, ba shiga ba fita. Ranar Asabar direban motar ƙungiya ya kawo min takalmanka, da wata takarda a ninke cikin na hagu.

Ban iya karatu ba a lokacin. Shekarata talatin da tara, ina da shago, ina da suna a unguwa, kuma ban da Leonila babu wanda ya sani. In aka miƙo min takarda sai in ce na bar tabarau a gida, in na koma ita ta karanta min. A makon nan ta tafi San Felipe jinyar mahaifiyarta. Mai kantin magani yana nan tsallaken titi, taku ashirin. Na tsaya a bakin shago da takardar a hannu ina kallon kantinsa, na kasa tsallakawa. Na ce wa kaina ai na san abin da kake so, shekara goma sha huɗu ina yi maka. Na shafa wa fatar mai, na sake ɗinkin gefe, na sa wa ƙasan takalman sababbin haƙora gajeru na roba irin waɗanda ka saba da su. Takardar na jefa ta cikin gwangwanin ƙusoshi.

Ranar Lahadi tun asuba aka kece da ruwa. Na kai takalman filin saura awa guda a fara, na miƙa ta ƙofar baya. Minti ashirin da shida da take wasa, ka juya za ka tare ƙwallo, ɗan bayan abokan karawarku ya taho a guje, kuka zube tare cikin taɓo. Daga inda nake na ji ƙarar gwiwarka. Aka ba shi jan kati, aka fitar da kai a makara ta masu rauni. Ko da suka koma mutum goma sai da suka ci mu ɗaya, domin babu mai ɗaukar kaya a tsakiya. Ba ka sake buga wasan sana'a ba.

Ɗan bayan nan Nicasio Urbina ne, kuma abin da ya ƙara wa mutane zafi, ɗan garin nan ne, ɗan unguwar majema, ya je yana yi wa baƙi wasa. Daga ranar sunansa ya koma Mahauci. Aka daina sayen abinci a rumfar mahaifiyarsa. Aka rubuta masa zagi a bango. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Silao. Ina cikin masu zaginsa, kuma muryata ta fi ta kowa. Kai kuwa tun kana gadon asibiti kake cewa, "Nicasio bai taɓa ni ba, zamewa na yi." Ka faɗa wa 'yan jarida, ka faɗa a shagona, ka faɗa a coci. Muka ce kyawun halinka ne, irin na mutumin da ke ba da ƙwallo a gaban raga.

Wata bakwai bayan haka ka shigo shago da sanda ka ce in rufe, za ka makarantar manya ta yamma, kana so ka ƙaro lissafi, kuma ba za ka zauna cikin tsofaffin mata kai kaɗai ba.

Na ce, "Ni me zan yi a can?"

Ka ce, "Ka riƙe min sanda. Ka zo da tabaran nan naka da kullum suke gida."

Ba ka dube ni ba da ka faɗi haka. Ka zauna kusa da ni a kan bencin yara, gwiwarka a miƙe, har wata biyar, sai da ka ga na daina neman hanyar gudu sannan ka ce lissafin ya ishe ka. Ni na ci gaba. Duk harafin da ke cikin wannan rubutu daga bencin nan ya fito.

Wata safiyar Lahadi a shekarar 1993 ina neman ƙusa, hannuna ya taɓo takarda a gindin gwangwani. Na yi murna, domin lokacin komai na gani sai na karanta, har kwalin ashana. Na baje ta a kan gwiwa, na bi ta da yatsa harafi bayan harafi. Ga abin da ka rubuta:

"Kompadre, an ce gobe akwai ruwa, kuma filin ba ya shanyewa. Ka cire gajerun, ka sa min dogaye shida na ƙarfe. Kada ka manta. Ka gaida 'yata Araceli."

Ita ce wasiƙa ta farko da na karanta da kaina a duniya.

Abin da ya fi tsaya min shi ne, kai ka sani tun kafin a busa usur. Babu ɗan wasan da zai karɓi takalmi bai juya ya dubi ƙasansa ba. Ka juya, ka ga robar, ka san babu lokaci, ka san babu wani takalmin da zai shigi ƙafarka, ka ɗaura ka fita. Kuma washegarin ranar da na karanta, ƙarfe huɗu, ka zo ka zauna a benci kamar kullum. Na zuba maka kofi. Na ce gobe zan faɗa. Shekara talatin da biyu ina cewa gobe.

Ban san dalilin da ya sa ka kai ni makaranta ba. Wata rana in ce don kada in sake yi wa wani haka ne. Wata rana in ce so kake in karanta da kaina, in buɗe baki in wanke Nicasio, tunda kai ba za ka iya wanke shi sarai ba sai ka tona ni. In haka ne, to duk yammacin da ka zauna a shagona jira kake yi. Wannan tunanin ne ke hana ni sakat. Tun da aka binne ka, ƙarfe huɗu na yi sai in ji tafiyarka a kan dakalin layi, ƙafa ɗaya ta taka, ɗaya ta ja. Tana zuwa daidai ƙofar shago ta tsaya. Ba ta shigowa. Shekaranjiya na ga na jera kofi biyu ban san lokacin da na yi ba. Na sauko da ƙafarka ta katako daga kan kanta don in ɓoye ta, na ji ƙullutun fatar nan a tafin hannuna, na mayar da ita inda take.

Ranar da aka yi zaman makokinka, da la'asar, wani tsoho ya zo ƙofar gidan da hularsa a hannu da farin fure. Nicasio ne. Genoveva ta fito ta tsaya a gabansa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ka riga ka ɗauki abin da za ka ɗauka a gidan nan. Ka tafi da furenka." Ya sunkuyar da kai ya juya. Ina tsaye a gefenta. Ya dube ni ya gaishe ni da suna, na amsa, na bar shi ya tafi.

A kwana na biyar, bayan an gama addu'ar carbi ana raba burodi, komadre ta ja ni kicin ta ce sun yi shawara da 'ya'yanta, ni zan ɗaga gicciyenka. Ba a ba ɗan uwa na jini wannan aiki, sai amini. Shi zai durƙusa ya share farar ƙasar kaɗan kaɗan, daga kai zuwa ƙafa, ya zuba a akwati, a kai kabari, don inuwar mamaci ta bar gidan ta huta. Kafin ya taɓa tsintsiya kuma sai ya nemi gafarar mamacin a gaban jama'a, ya ce babu komai tsakaninsu. Na ce mata to. Na kwana biyu ina juya kalmomin a bakina, suka ƙi fita ko ni kaɗai a shago.

Jiya da safe na ɗauki takardar na je. Na sami komadre tana wanke ganyen masara na naɗe tamale, irin alalar masarar nan. Na faɗa mata komai a tsaye, ban tsallake mai kantin magani ba. Ta goge hannu ta karɓa, ta karanta, ta sake karantawa. Na zaci za ta ce ka taɓa gaya mata. Ba ka gaya mata ba.

"Shekara talatin da huɗu ina shafa wa gwiwar nan magani," in ji ta, "duk shafawa sai na tsine wa mutumin nan. A gabanka ma na sha yi, kana cin abincina."

"Haka ne, komadre."

"Taku ashirin, Crisóforo."

Wannan ne karo na farko da ta kira sunana gatsau, ba kompadre ba, tun ranar baftismar Araceli. Ta koma kan ganyenta, ta wanke kusan goma kafin ta sake magana.

"Ba kai za ka ɗaga ba. Nicasio zai ɗaga, in ya yarda. Kai za ka je ka roƙe shi. Kuma tunda mijina ya wahala ya koya maka rubutu, ka rubuta a takardar coci ta ranar Lahadi, duk wanda ya zagi mutumin nan ya karanta."

Na hau bas zuwa Silao da tsakar rana. Na sami Nicasio a rumfar facin taya a bakin hanya. Na miƙa masa takardar, ya ce idonsa ya mutu, in karanta masa. Na karanta a fili, motoci na wucewa. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa yatsa bayan yatsa.

"Na san ban taɓa shi ba," ya ce. "Amma da aka yi ta faɗa, aka yi ta faɗa, wallahi har na fara shakka. Uwata ta mutu tana zaton na yi."

Na ce ya yafe min. Ya ce wannan ba maganar yau ba ce, in bar ta tukuna. Ya ce duk Kirsimeti kana zuwa ka zauna a kan tayar can, ku sha lemo, ku yi hirar komai ban da ranar. Ban taɓa sanin haka ba. Da na miƙe zan tafi ya tambaye ni ƙarfe nawa ake farawa, kuma ko ana bukatar ya zo da tsintsiyarsa. Na ce ƙarfe shida, tsintsiyar sabuwa ce, na riga na saya. Ya ce in bar ta, zai sayi tasa.

To, jama'ar Coecillo da na unguwar majema, ga shi na rubuta. Nicasio Urbina bai karya Fidencio Arreguín ba. Badukun da ya ji kunyar tsallaka titi ne ya tura shi cikin taɓo da gajerun haƙora. Wanda yake da sauran zagi a bakinsa ya san shagona.

Gobe, kompadre, Nicasio zai durƙusa a tsakar ɗakinka ya tattara ka. Ni zan tsaya a bakin ƙofa cikin maƙwabta, inda komadre ta ce in tsaya. Gafarar da ban nema ba kana zaune taku biyu daga gare ni, yanzu nake nemanta, ba ka da bakin amsawa.

Allah Ya jiƙanka, Fidencio. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sauke maka duk kayan da ka ɗaukar wa mutane, nawa ne mafi nauyi a ciki. Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka hutu na har abada cikin bayinSa nagari, Ya tashe ka da lafiyayyar gwiwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga komadre Genoveva, ko ta karɓa yanzu ko sai nan gaba, da 'ya'yanka Leobardo da Marisela, da 'yan uwanka na San Juan, da tsofaffin abokan wasanka, da duk wanda ya taɓa sa takalmin da ya fito daga buhunka. Ina kuma miƙa ta ga Don Nicasio, wanda ya yi rashin mutum ɗaya tak da ya gaskata shi a garin nan. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar rashi. Mu kuma da muka rage, Ya ba mu ikon faɗin abin da ke bakinmu tun mai saurare yana da rai. Amin.

Crisóforo Landeros, baduku, Coecillo.